Ranar da Injin Ya Ɗauke

Ni ne mai injin niƙa na bayan tashar Gidar,
wanda girarsa ta yi fari tun kafin furfura ta zo.
Shekara goma sha ɗaya ina cikin wannan ƙara,
ko na kwanta, haƙarƙarina ba ya daina rawa.

Ran Alhamis, rana ta take tsaka,
mata biyu ne kaɗai a gabana:
Damaris da kwanon jar dawa,
Tabita da masara ƙunshe a tsohon zane.
Na sunkuya ina ɗaure bel,
sai injin ya yi tari sau biyu, ya ɗauke.

Shiru.
Daga can wajen gadar Mayo Luti
wani abu ya yi dogon kuka, kamar ƙaho.

Na ɗago. Damaris tana tsaye.
Tabita babu.
Ga masara a zube, ga takalmi ƙafa ɗaya,
ga gari yana sauka a hankali a gurbin da ta tsaya.

Gwiwata ta yi sanyi.
Ba wannan ne Fasto Kaldapa ke faɗa ba
duk Lahadi, muna gyangyaɗi a bencin baya?
Ba sallama, ba "bari in rufe shago",
ƙiftawar ido, an ɗauke na ɗaukewa.
In kuwa Tabita ce, ai babu musu,
matar da ke wanke gyambon surukarta tana waƙa.

Abin da ya faɗo mini a rai
ba wuta ba ce, ba mala'iku ba.
Buhun nan ne na bayan ƙofa,
da nake cikawa tafi ɗaya-ɗaya
daga garin kowace mace,
ina kiransa rabon inji.
Sai Dawai, ƙanena, ciki ɗaya,
damina uku ban amsa gaisuwarsa ba
a kan kunya biyu ta gyaɗa a bakin iyaka.

Na buɗe baki in ce Yesu,
sunan ya maƙale, gari ya toshe hanya.

Sai ga Tabita tana haki,
tana jan kunnen akuyar da ta yage mata ƙunshi.
Ƙahon kuwa, motar auduga ce za ta Garwa.
Damaris ta ce, "Mai inji, zazzaɓi ne?"
Suka yi ta dariya. Ni ban iya ba.

Da yamma na ɗora buhun a ka.
Gari ba ya rubuta sunan mai shi.
Na bi gida-gida, inda na tuna, na zuba.
Wata ta gode. Wata ta ce, "Ashe kai ne,"
ta ja ƙofarta. Na haɗiye, nawa ne.

Gidan Dawai ne na ƙarshe.
Na tsaya a bakin zana har karensa ya gaji da haushi.
Ya fito, ya daɗe yana kallona,
sannan ya kifa turmi, ya ce in zauna.

Ban san ranar ba.
Fasto ma bai sani ba, ya faɗa da bakinsa.
Har yau ina zuba gas, ina wasa haƙoran inji,
jira ba naɗe hannu ba ne.
Amma in niƙa ya ƙare
ina bubbuga bututu har ya daina zubarwa,
in ce, "Mama, miƙo kwanonki, da saura."

Ya Almasihu, in ka zo ana tsakar ƙara,
rigata ba ta taɓa fita fes ba, ka sani.
Ba shara ce za ta ɗaga ni ba, jininka ne.
Sai dai mai jiran baƙo ba ya kwana kan juji.
Leƙa bayan ƙofa.
Tsintsiya ce kawai a jingine.