Lambar Baba

Ranar kasuwar Badagishiri aka yi shela
wai tallafin manoma ya sauko,
kowa ya je meri da katinsa.
Na bar maimai rabi,
na jingina hauya a jikin rumbu,
na ari jakin Arzika, mai tsayawa duk inda ya ga dama.

A gindin bedi muka zauna, mun fi ɗari.
Mushe Hamidin ya ɗora tabarau a karan hanci,
yana lasar yatsa, yana juya takarda.
Ya kira wanda ya sayar da gonarsa tun bara.
Ya kira mai shagon siminti
da ƙarangiya ba ta taɓa kama wandonsa ba.
Sannan ya ce: Nomau Tankari!

Wuri ya yi tsit.
Wani tsoho a bayana ya ce, Allah ya jiƙansa.

Damina uku ke nan da muka kai shi,
ni na riƙe kan makara.
Amma takarda ba ta zuwa jana'iza.
A cikinta Baba yana nan da ransa,
da hekta biyu da rabi,
yana jiran buhun taki biyu da jika ashirin.

Na miƙe na ce ni ne ɗansa.
Ni nake haƙa tassa cikin tsakuwa tun bazara,
ni nake jera duwatsu
don ruwan dutse ya tsaya ya gaisa da ƙasa.
Na buɗe masa tafin hannuna.
Ya duba, bai yi faɗa ba, mutumin kirki ne,
ya ce kanta ba hatimi ba ce.
Ya ce kuɗin yanzu ba ya bin hannu,
lambar salula yake bi,
kuma tun shekaranjiya aka tura.

Lambar Baba na san ta kamar Fatiha.
Shi bai iya karanta ta ba,
a bangon ɗaki na rubuta masa da gawayi.
Layin yana ƙulle cikin tsumma a kwallar Inna,
ba wanda ya taɓa shi tun ranar sadakar arba'in.

A hanyar komawa, wajen ƙoramar da ta cinye gada,
na latsa, don dai kawai.
Ta yi ƙara.
Wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi.
Wata mata ta ɗauka, can Yamai,
ana jin kukan yaro da ƙahon motoci.
Ta yi Zabarmanci, na yi Hausa.
Ta ce alo, na ce alo.
Na so in tambaye ta jika ashirin,
sai na ji bakina yana cewa, ina gajiya,
yaya yara.
Ta yi dariya ta kashe.

An ce in kawo takardar mutuwa daga Tawa,
da shaidu biyu, da hoto huɗu,
a sa ni a jerin baɗi.
To. Baɗi ma ta Allah ce.

Na iso gida la'asar sakaliya.
Hatsi bai ji an yi shela ba,
ya riga ya fara ɗaukar ciki.
Na share turken awaki,
kwando shida, na kai bakin kunya kafin magariba.
Inna ta tambaya, ka samo?
Na ce mata Baba ya samu.