Jif ɗin Babana a Oruro

Babana ya bar mini gonar dankali, bashi kaɗan,
da jif mai shekara talatin da uku,
ruwan ƙasa, ƙofar bayanta ɗaure da igiya.
Tana shan fetur kamar rairayi ya samu ruwa,
in ta hango tudu sai tari ya sarƙe ta.

A nan Oruro iska siririya ce.
Saurayi ma in ya hau bene sai ya dafa bango,
balle inji mai furfura.

Ranar kasuwa wani mai zaƙin baki
ya sayar mini da maganaɗisu a cikin kwali mai ƙyalli,
wai in ɗaura a bututun mai, tanki ɗaya ya zama biyu.
Na ɗaura. Na jira wata guda.
Tanki ɗaya ya zauna a ɗayansa.

Anselmo Tarqui, bakanike mai yatsa tara,
ya kwance shi, ya juya, ya manna a jikin ƙofar garejinsa,
ya maƙale takardar kuɗin wuta da shi.
Ya ce, Primitiva, ga aikinsa nan ya samu.

Sannan ya ɗaga bonet.
Ya zaro matatar iska, ya buga a gwiwa,
ƙurar shekara biyar ta tashi ta rufe mu.
Ya ce, toshe hancinki da tsumma ki hau wancan dutse,
ki dawo ki faɗa mini ƙarfin da ya rage miki.
Fulogi shida, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
ya jera su a kan benci, ya kawo sababbi.
Ya juye baƙin mai da ya yi kauri kamar kunun jiya.
Ya kasa kunne ga kabureta, yana murɗa ɗan noti a hankali,
har kukan injin ya daina rawa.
Ya tsuguna gaban tayoyi,
kowacce ta yi laushi kamar tumatirin yamma,
ya ba su iska, bai karɓi ko sisi a kan wannan ba.

Na zaci an gama. Sai ya zagaya baya
ya kwance igiyar Baba.

Jak uku. Sarƙa mai tsatsa. Batir biyu matattu.
Buhun gishiri daga Uyuni wanda ya zama dutse.
Guduma, tsohuwar garma, takalman roba ƙafa ɗaya.
A sama kuma kariyar ƙarfe
wadda ba ta ɗauki komai ba tun ina firamare
sai dai ta yi ta kokawa da iska.
Anselmo ya ce, kina biya wa duk waɗannan kuɗin mota kullum,
ba su kuwa da inda za su.

Na tsaya ina kallon kayan a ƙasa.
Baba bai taɓa yar da ko ƙusa ba.
Cewa yake, wata rana.
Bakaniken ya ba ni baya, ya shiga goge sifanar da ba ta da datti
har na gama share idona.

Sauran, in ji shi, yana ƙafarki ta dama.
Taka totur kamar akwai ƙwai a ƙarƙashi.
Sauya giya kafin ta yi miki ihu.
Kada ki bar ta tana ruri a tsaye kina cinikin albasa.

Yanzu ina da ɗan littafi a aljihun ƙofa:
lita nawa, kilomita nawa, ranar kaza.
Ba ta koma yarinya ba, ban kuma nema ba,
amma hanyar Challapata da ke cinye mini jarka biyu
ta fara bar mini saura.
Jiya ta haye tudun makabarta a giya ta uku,
garken lama na kallonmu, ba tari ko ɗaya.

Na sayar da batiran, na ba maƙwabci garmar.
Gishirin dai na fasa ɗan gutsure,
yana nan gaban sitiyari.
Bai kai nauyin da Anselmo zai gani ba.