Rigar Da Inna Ba Ta Wanke Ba

Shekara talatin da takwas rigar tana adaka,
ƙarƙashin zannuwan Inna da ƙwayoyin kafur.
Fara ce a da. Yanzu launin ƙasar Aboabo gare ta
in ruwa ya ɗauke.
Ranar da aka tsinci Baba a bayan shagon goro,
tsakanin huhu biyu da ganyensu bai ko yi yaushi ba,
ita ta tuɓe masa, ta naɗe, ta ce:
“Ba jininsa kaɗai ne a nan ba.
Bawa ba ya faɗuwa bai yi cizo ba.”

Shekarata tara. Abin da na riƙe kaɗan ne:
motar Tamale tana ɗuma inji,
ladan ya sarƙe a tsakiyar kiran asalatu,
takalmin Baba ƙafa ɗaya a bakin kwata.

Kafin azahar zango ya gama shari’a.
Tinga ne, in ji su, Bamoshen nan mai gadi,
wanda ba shi da kowa sai rediyo da tocila.
Wata goma sha ɗaya yana tsare, aka sake shi don babu shaida,
amma bakin mutane ba ya sakin abin da ya kama.
Mai koko ta daina zuba masa.
Mu yara muka bi shi da ƙwallon mangwaro.
Nawa ne ya fasa masa gira.
Na yi dariya. Na tuna na yi dariya.

Sallau kuwa, abokin cinikin Baba,
shi ya kama gaban makara,
shi ke aiko mana shinkafa duk jajiberin salla,
kullum hannunsa na dama a aljihu.

Bara ɗansa Mutawakilu ya yi sallama da magariba,
ya ƙi tabarma, ya tsuguna a ƙasa.
“Kwana uku tsohona yana ciwon ajali yana kiran Bawa.
Da muka zo wanka na ga shatin haƙora a tafinsa.
Ga bakina. A ɗebi yawuna a gwada.”

Boakyewaa sunan ’yar sandar.
Ta sa safar hannu, ta karɓi rigar kamar jinjiri,
aka yanki abin da bai kai farce ba, aka kai Ankara.
Wata bakwai Inna tana jan carbi tana kallon waya.
Sai takarda: jini biyu ne a wuyan rigar.
Ƙwayar halittar na biyun ta ce,
ni ne uban wanda ya ba da yawu.

An ce rana dubu ta ɓarawo, ɗaya ta mai kaya.
Namu har ɗayar ya tafi da ita Tafo,
kabari shida tsakaninsa da Baba.
A kan bashin huhu arba’in ne, wai,
sidin da yau ba zai sayi ashana ba.

Inna ba ta yi kuka ba.
Ta nemi bokiti da sabulu,
ta zauna gabansu har la’asar, ba ta jiƙa komai ba.

Ni na tafi Asawase, bayan layin dogo,
ɗauke da koko da ƙosai a leda.
Idonsa ya tafi, tabon yana nan.
Na karanta masa takardar, har lambobin,
na ce ni ce mai ƙwallon mangwaro.

Ya daɗe yana shafa girar.
“’Yata, ai ni na san ba ni ba ne.
Ku ne kuke jiran inji.”
Sai ya lalubo kofin, ya shinshina,
ya ce, “Kin sa sukari?”