Bindigar da Ba Ta Magana

Shekara goma sha tara ina likitan dabbobi a Gidan Zu,
ina ɗaure ƙafar jimina, ina cire wa biri haƙori.
Ranar da Jummala ta zame a bakin kwarmin ruwa,
ƙugunta ya ce ƙas,
na san ɓauna mai irin shekarunta ba ta ɗoruwa.

Allurar da za ta kwantar da ita, an ce sai an yi oda.
Baba Ilu ya ce a yanka.
Na ce, Baba, ga wuƙa, ga ƙaho, bismilla.
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Akwai tsohuwar bindiga a sito, doguwa kamar taɓarya.
Sau ɗaya aka harba ta a idona:
barewa uku suka daki waya, wuyansu ya karye,
raƙumin dawa ya kwana huɗu bai dubi ganye ba.

Sai na zauna na rubuta:
ina neman gajeriya, wadda za ta juya a cikin keji,
da bututun nan da ake ɗaura mata a baki
ya haɗiye ƙara.

A Bompai, Sufeto Maikuɗi ya karanta sau biyu,
ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
"Likita, mai neman bindiga mun saba da shi.
Mai neman wadda ba ta magana,
shi ke hana mu barci."
Na ce ɓauna ce.
Ya ce, "Kowa da ɓaunarsa yake zuwa."

Hoto huɗu, farin bango, kunnuwa a waje.
Yatsu goma a tawada, har wanda gwaggon biri ya cije.
Shaidar haraji. Takardar mai unguwar Gandun Albasa.
Mutum biyu masu tsaya mini,
ɗaya ya sa hannu, ɗaya matarsa ta hana.
Sannan Dawanau, a auna hankalina:
ni da nake duba lafiyar kura,
aka ce in ƙirga daga ɗari zuwa baya.

"Wannan ya fi ƙarfin Kano," in ji sufeto.
Fayil ya hau mota, ya yi Abuja.

Kowace Litinin ina kan bencin nan,
tsakanin mai gidan mai da wani manomi daga hanyar Gwarzo
da aka kwashe wa shanu sau biyu.
Ruwan farko ya same mu a nan.
Gero ya fid da kai, muna nan.

Ban zagi kowa ba, ko a zuci.
Na taɓa raka maƙwabci asibitin Murtala
da rami a ƙirji kamar bakin kwalba.
Ƙofar da aka ƙi buɗe mini da sauri,
ita ce aka rufe wa wanda ya yi masa haka.
Na san wannan.
Jummala ce ba ta sani ba.

Ta koyi cin dusa da kanwa a tafin hannuna,
ita da ta taɓa ɗaga ni sama da ƙaho ɗaya.
Ƙuda ya san ta. Ungulu ta fara zama a kan darbejiya.

Daren wata Alhamis, kafin kiran assalatu,
ta ajiye kai a kan ciyawa.
Baba Ilu yana nan kusa da tocila, bai ji komai ba.
Ko barewa ɗaya ba ta ɗaga kunne ba.
Shirun da na yi wata tara ina nema da hatimi,
an kawo mata shi ba takarda.

Bayan sati uku ambulan ya iso.
An ce hotunana sun tsufa, in aiko da sababbi.
Na duba madubin motar ofis.
Gaskiyarsu.

Kejin yana nan, an wanke, an zuba sabon yashi.
Jiya wani yaro ɗan makaranta ya leƙa,
ya tambaye ni wace dabba ce a ciki,
ko barci take yi.