Birki

Likita ya ba ni farar ƙwaya guda talatin,
ya ce barci zai dawo.
Gaskiyarsa, barci ya dawo,
sai dai ya goyo baƙo:
saurayi mai jar hula, bisa babur,
kullum yana tahowa, bai taɓa isowa ba.

A Zuru kowane gida da kakinsa.
Kakana ya je Bama, ubana ya yi na basasa,
ni ma na je na dawo da ƙafafuna biyu
da lambar da Rifkatu ke gogewa da toka.
A kasuwar Dabai sai a ce, Sajan Manga, sannu da aiki.
In amsa ina duban ƙasa
kamar wanda kwabonsa ya faɗi.

Ba tsoro ba ne. Tsoro na san shi,
mun ci tuwo kwano ɗaya a cikin rami.
Abin da ke ci na ya fi gara haƙuri.

Shinge ne, bayan la'asar.
Na ɗaga hannu, bai tsaya ba.
Na daka tsawa, bai tsaya ba.
Oga ya ce harba.
Da muka isa kansa, babu bam, babu bindiga,
sai buhun barkono ya watse a kwalta,
da sabon takalmin yaro cikin leda,
da wayar birki, tsinkakkiya, tana lilo.
Aka rubuta cewa an bi ƙa'ida.
Aka ce in wanke hannu in ci abinci.
Na ci. Har na ƙara.
Wannan ma yana cikin lissafin.

Shekara shida na kulle bakina.
Fasto ya ce Ubangiji mai gafara ne.
Na yarda. Ni ne dai na ƙi sa hannu.

Ranar Laraba, bayan asibiti,
benci uku ne a gindin mangwaro.
Kofur Dantani na Wasagu ya ja ni can,
shi da ya bar abokinsa a bakin gada
don motar ba ta jira.
Mu bakwai, kowa da gawar da yake goyo.

Malama Kulu ba ta ce ba laifina ba ne.
Da ta faɗa, da na tashi.
Cewa ta yi: takalmin, wane launi ne?
Na ce shuɗi.
Daga nan ban san abin da ya faru da muryata ba.
Babu wanda ya ce in yi shiru.
Dantani ya ɓara goro, ya ajiye rabi a gwiwata.

Wata Larabar ta ce mu raba kayan:
naka ka ɗauka, kada ka rage ko tsinke,
na oga ka ajiye masa,
na waɗanda suka mai da babur abin tsoro, su ma nasu.
Kai ba jakin gari ba ne.
Ta ce matacciyar fata ba ta jin ƙaya,
zafin nan shaida ne da sauranka.

Ta sa na rubuta masa wasiƙa.
Na ce ban san sunansa ba.
Ta ce fara da haka.

Yanzu ina da rumfa a hanyar Ribah.
Faci da kuɗinsa, juyen mai da kuɗinsa,
birki kyauta.
'Yan acaɓa na cewa Sajan ya taɓu.
Ba biya nake yi ba, na san babu mai karɓa.
Hannun ne dai nake koya wa wani aiki.

Har yau yana zuwa, ba kowane dare ba.
Shekaranjiya na ga ya rage gudu,
ya sauke ƙafa ɗaya a ƙasa.
Bai dube ni ba.
Na tashi da asuba na gaya wa Rifkatu komai,
tana tsugune, wutar murhu ta ƙi kamawa.