Kaset Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina hawan matakalan Coimbra,
daga bakin kogin Mondego zuwa tudun jami'a,
jaka a kafaɗa, cikinta kaset guda.
Gwiwata ta fara ƙorafi.
Kaset ɗin bai taɓa yi ba.

Amilcar Bogalho sunan mutumin da ke ciki,
masunci daga Figueira, tafin hannunsa kamar ɓawon itace.
Wata asuba yana jan koma
jini ya ɓalle a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa,
ya share rumbun maganarsa tas,
ya bar masa ƙwaya ɗaya tak a gindin rumbun:
gishiri.

Na nuna masa hoton cokali. Gishiri.
Agogo. Gishiri.
Yaya sunanka? Ya daki tebur har biro ya faɗi. Gishiri!
Ran da matarsa ta makara
a hankali ya faɗe ta, sau uku,
idonsa a ƙofa.

Shekarata ashirin da tara a lokacin,
kaina cike da littafi.
Na rubuta: furuci ne mai maimaita kansa,
ba ma'ana a ciki, ragowar garwashi ne a toka.
Da wannan jimlar na ci digirin digirgir.
Da ita na je taro a ƙasashe tara,
aka tafa mini cikin harsunan da ban iya ba.

Na ga wasu a bayansa.
Malamin lissafi mai zuba zance kamar famfo, ba kai ba gindi.
Tela mai rera addu'a daga farko har amin
amma ba ta iya cewa a ba ta ruwa.
Duk na auna, na jera, na buga.
Shi dai na sha bakwai ban bar shi a gida ba.

Duk farkon zango, in ɗalibai sun dawo da baƙaƙen alkyabbunsu,
sai in zana ƙwaƙwalwa a allo:
ga inda kalma take kwana,
ga hanyarta zuwa leɓe,
ga gadar da ta karye.
Sannan in danna rikoda.

Bana, wata Talata, ana yayyafi,
muryarsa ta cika ɗakin kamar kullum.
A layi na huɗu wata yarinya ta ajiye biro,
ba ta sake ɗauka ba.

Noemia sunanta. Ta jira kowa ya fita.
Farfesa Graciete, in ji ta, kakana ne.
Kakata a fadamar gishiri take aiki tun tana budurwa.
Can ya gan ta, fari fat har gwiwar hannu.
Bai taɓa kiranta Deolinda ba.
Gishiri yake ce mata, da wasa, da faɗa, har a gaban baƙi.
Kowa a gida ya sani.
Ba wanda ya tambaye mu.

Daren nan na saurari kaset ɗin ni kaɗai,
na ƙirga, sau ɗari biyu da sha huɗu.
Mai yiwuwa jimlata tana da gaskiya.
Mai yiwuwa ambaliya ba ta zaɓen abin da za ta bari.
Zan iya kare wannan a gaban kowane kwamiti.
Amma matar tana zaune a bayan ƙofa duk ranar Alhamis,
jakarta a cinya,
ni kuwa sannu kawai nake ce mata in wuce.

Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Figueira.
Shekararta casa'in da ɗaya, ido ya tafi, kunne na nan.
Noemia ta ajiye rikoda kusa da kwanon miya.
Na danna.
Aka ji muryata ta ƙuruciya tana cewa: mene ne wannan?
Aka ji tasa.

Tsohuwa ta goge hannu a gefen siket,
ta juyo wajen akwatin,
ta ce, na'am.