Sharaɗin Gunvor

Shekara tara ina fatsa a ɗan tafkin bayan gari
cikin kayak ɗina mai mita uku,
gajere, mai tumbi kamar ƙwarya.
Can ruwa ba ya fushi.
In iska ta taso, itatuwa ke shan dukan.

Ran da na ajiye tuƙin bas a Lidköping
na ce bari in gwada Vänern,
wanda ido ba ya kai wa ɗaya gaɓarsa.
Ashe ni kifin rijiya ne.
Hancin jirgin sai waige-waige, dama, hagu,
kowace taguwa ta mare shi ya juya mata ƙeya.
Na dawo da ruwa har cinya,
ba kifi, ba hula.

A kanti wani yaro, Melker,
ya nuna mini shirgege mai feda kamar keke,
da kujerar alfarma, da allo mai tona asirin kifi.
"A tsaye ma za ka yi jifa, baba."
Na kama zan ɗaga, kafaɗa ta ce ba da ita ba.
Kilo hamsin!
Wa zai ɗora mini shi kan mota da asuba,
ni da ba kowa a gida sai kare?

Na biyu siriri ne kamar tsinke,
yana yanka ruwa ba ƙara,
amma ba wurin soke sandar fatsa,
kuma in ka yi atishawa ka kife.

Haka bazara ta ci rabinta.

Sai wata takarda a ƙofar gidan burodi,
rubutun hannu mai rawa:
mita huɗu da rabi, ruwan ɗorawa, ya san hanya.

Tsohuwa ce ta buɗe rumfar, tana dogara sanda.
Na shafa cikinsa. Tabo ko'ina,
tabon dutse, ba na sakaci ba.
Ƙirji mai kaifi don fasa taguwa,
ƙugu mai faɗin da zai yafe kuskure,
wutsiya da ake juyawa da yatsun ƙafa.
Na ɗaga shi ni kaɗai.
Na sassauta murya: "Na maigidan ne, ko?"
Ta dube ni sama da ƙasa.
"Sixten ko baho tsoro yake.
Nawa ne. Ƙuguna ne ya yi ritaya, ba ni ba."

Na ciro kuɗi, ta ƙi kallo.
"Kai shi bakin ruwa.
Sa rigar ceto, ɗaure filafili da igiya,
ka kife shi da gangan,
ka hau ina gani.
In ka kasa, ba na sayarwa ba ne."

Sanyin ya ƙwace mini numfashi.
Hawan farko na zame.
Na biyu jirgin ya mirgino kaina.
Tana kan dutse tana kurɓar kofi,
ba ta ce sannu ba.
"Ciki za ka fara ɗorawa, ba gwiwa ba!
Shura ƙafa baya, kamar kwaɗo!"
A na huɗu na kwanta a kansa ina haki,
ina tofar da Vänern.

Ta rage mini ɗari biyar,
ta ce kifin farko nata ne.

Yau na wuce tsibiran tun rana ba ta fito ba.
Gari ya koma zare a bayana.
Taguwa ta zo, jirgin ya ɗaga kai,
ya bar ta ta wuce ta ƙarƙashi
kamar sun daɗe da sanin juna.
A jikin murfin akwatin gaba
na ga ta rubuta da jan fenti:
duba yamma kafin ka duba ƙugiya.

Na duba. Akwai ɗan baƙi-baƙi can.
Sandar ta lanƙwasa.
Minti goma, na ce wa gajimaren,
akwai bashi a kaina.